Mai Jita Yana Cire Fastarsa

Salomi tana jiran bas a Glenwood, idonta na kan wani mutum da ke tsaye gaban turken lantarki. Dogo ne, ya ba arba'in baya, furfura ta fara ratsa gemunsa, jita na rataye a bayansa. Fasta yake cirewa, ta wasan kiɗan rok da aka yi jiya. Mutum uku ne a hoton, shi ne na tsakiya, tun kumatunsa na cike. Ba ya yagewa. Da farcen hannun dama yake ɓamɓare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, don na hagu ya yanke su saboda danna tsirkiyar jita.

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, sai Salomi ta ji Hausar Jos a bakinsa.

"Lafiya lau, Mama. Wasa ya yi kyau. A'a, su Desmond da muke kiɗa tare aiki ya riƙe su. Ni kaɗai na hau."

Yadda maganar ta fito ba gargada, Salomi ta san bakinsa ya daɗe da sabawa da wannan ƙaryar. Yana ninke fastar a hankali, yana kaucewa kada layin ninkin ya bi ta fuskar kowa. Sannan ya nufi turke na gaba.