Ƙwarangwal biyu, gwiwa ɗaya

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba na jin zan taɓa manta ranar da na tsaya da gajeren wando a gaban 'yar ƙanwata, tana manna mini 'yan ƙwallaye masu sheƙi a ƙafa.

A lokacin ina aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau, na ɗan haura hamsin. Kowace Lahadi mukan taru mu dattawa a wani fili wajen Tondibia mu buga balo, wato ƙwallon ƙafa. Sai gwiwata ta dama ta fara ƙara in na tashi daga zaune. Maiɗakina ta ce balo ya ƙare, ni kuma na ce bai ƙare ba. Rigimar ta kai har ta ɓoye takalmana a cikin buhun gero.

'Yar ƙanwata, wadda ta zo daga Maradi tana karatun gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi, ita ta kawo sulhu. Ta ce a makarantarsu akwai na'urar da ke ƙiyasta nauyin da ke sauka cikin gwiwa in mutum yana motsi, kuma dama tana neman wanda za ta gwada. Ni da maiɗakina muka yi alkawari: abin da na'ura ta faɗa, shi za a bi.

Muka je mu uku. Yarinyar ta durƙusa tana lalube gefen gwiwata, ta daɗe tana dannawa.

"Kawu, wai ina ƙashin nan yake?"

"Yana inda Allah ya ajiye shi."

"To tuwo ya rufe shi."

Da ta gama mannawa, ta sa na yi tafiya, na yi ɗan gudu, na tsaya na juya a kan wani farantin ƙarfe da ke ƙasa, kamarori suna ɗauka. Can sai ga ƙwarangwal a fuskar kwamfuta yana tafiya irin tawa sak. Maiɗakina ta rufe baki da mayafi, ta ce wallahi ni ne, har da jan ƙafar.

Yarinyar ta yi mana bayani cewa ba wani ma'auni aka sa cikin gwiwar ba. Kwamfuta tana ɗaukar ƙwarangwal ɗin da aka riga aka tsara, ta daidaita shi da tsawona da nauyina, sannan ta lissafa yadda tsokoki ke ja. Ta nuna mana wani layi da ya hau sama kamar tudu. Nauyin ya yi yawa. Maiɗakina ta ɗauki jakarta, alamar magana ta ƙare.

Sai abokin karatunta, wani dogo ɗan Tahoua, ya ce saura nasa gwajin, don ƙa'ida ce mutum biyu su auna. Ya ɓamɓare ƙwallayen har da gashin ƙafata, ya sake lalube, ya manna inda yake ganin ƙashin yake. Na maimaita komai. Wannan karon tudun ya sauko sosai.

"Wannan shi ne ƙwarangwal ɗina na gaskiya," na ce.

"A'a, Malam, na farko ya fi kama da kai," in ji maiɗakina.

Yau in na tuna kunya nake ji. Dattijo da matarsa suna nuna allo da yatsa, kowa yana kare ƙwarangwal ɗinsa, ni ko dogon wando babu. Yaran kuwa murna suke yi. Ashe kaucewar ƙwallo ɗaya da faɗin yatsa tana iya canza lissafin, ga kuma naman cinyata da ke rawa dabam da ƙashin.

"Wato kun san na'urar tana iya yin baki biyu?" na tambaya.

"Ai abin da muke bincike ke nan, Kawu."

Ta ɗora layukan biyu a kan juna. Tsayinsu ya bambanta, amma duk sun yi tsini a wuri ɗaya, daidai inda nake tsayawa da gudu in juya. Ta ce ba za ta rantse a kan yawan nauyin ba, amma a kan wurin da yake taruwa, gwaje-gwajen biyu sun yarda.

Maiɗakina ta tambayi dogon ko akwai wanda ba ya gudu yana juyawa a wasan balo. Ya ce sai dai mai tsaron gida, shi ma in ba mai tsalle ba ne.

Lahadin da ta biyo na tsaya a raga. Ƙwallo ta wuce ta dama, na bi ta da ido, ta wuce ta hagu, na yi mata fatan alheri. 'Yan ƙungiyarmu sun daina gaishe ni na wani lokaci, amma gwiwar ta lafa.

Tun daga ranar na koyi cewa in na'ura ta ba ni amsa, in sake tambayarta, in kuma tambayi wanda ya saita ta. Inda amsoshin suka haɗu nake riƙewa, ko da ba can raina ya so ba.