Gizo-gizon Bayan Randa

Jiya 'yata ta nuna min wani gizo-gizo a bayan randa, ta tambaye ni sunansa. Kakata ta taɓa nuna min irinsa, amma ban san sunan ba.

Kakar tawa ta unguwar Koki, kowane ƙwaro da sunansa a bakinta. Wata rana tana kaɗi, zanenta na ƙamshin man shanu, ta kira ni: "Zo ka ga tautau, kada ka taɓa shi. Wancan kuwa..."

Na katse ta. "Haba Iya, duk gizo-gizo ne! Sunayen gaskiya suna littafinmu na jami'a."

Ta ce, "To, malam," ta ci gaba da murza mazarinta. Ba ta ƙara nuna min ko tururuwa ba.

Littafin yana nan. Sunan wancan kuwa da ita aka binne shi. Allah Ya yafe min, Ya haskaka kabarinta.