Tafukan Sista

Jiya na ga jikata tana murza tafukanta kafin ta ɗauki jariri, sai na tuna marigayiya Sista, nas ɗin ɗakin bakwaini. Haka take yi kullum.

Lokacin maigidana yana kamfanin fata a Challawa na haifi ɗan farina, wata bakwai. Surukata na zaune, kunya ta hana ni kallonsa, balle shayarwa. Jikinsa sai sanyi yake.

Sista ta ce, "Iya, ku ɗan ba mu wuri." Ta juyo gare ni. "'Yata, jarirai na karanta, amma nonon yana wurinki."

Ta kwantar mini da shi a ƙirji, hannunta da ɗumi, yana ƙamshin sabulu.

Yaron ya rayu, jikar nan 'yarsa ce. Kunyar nan dai ta hana ni yi wa Sista godiya har ta rasu. Na gode, Sista. Allah Ya sanyaya makwancinki.