Jirgin Yahuza na Mutanen Anteriyar

Yahuza direban motar siminti ne kafin idonsa na hagu ya mutu. A Bazaga aka haife shi. Ya yi lakwal, wato boko, kaɗan, daidai abin da zai karanta allon bakin hanya ya kuma gaisa da jandarma, sannan ya gudu Malbaza, inda ake yin siminti, ya zama yaron mota. Da gemu ya fito masa aka ba shi sitiyari. Ya kai siminti Tawa, ya kai Agadas, ya kai Yamai har ya gaji da ita.

A Yamai ya tsinci wata kalma ta Faransanci da ta tsaya masa a wuya. Mutanen buro na can, wato ma'aikatan ofis, duk garin da ba Yamai ba, anteriyar suke ce masa. In ya miƙa takardun kaya sai a dube shi a ce, "Ku mutanen anteriyar ba ku san layi ba?" Ya gane cewa anteriyar na nufin ƙauye, daji, inda rana da iska da su Yahuza suke. Haka ya riƙe ta, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa tana da wata ma'ana.

Da idon ya tafi, aikin ya bi shi. Matarsa Wasila ta ce su koma garinsu, wani ƙauye a kwarin Badaguishiri, inda mahaifinta Malam Hamani ke da gonar dawa a fadama. Tsohon ya ba su ɗaki, kuma bai taɓa yi wa Yahuza gori ba. Da ya yi ma, da ya fi sauƙi. Yahuza na cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya ce "Baba, an tashi lafiya?", ya koma ya ci tuwon hatsin da bai noma ba. Hannunsa bai san hauya ba, kuma kowa ya ga haka tun damina ta farko. Abin da yake so ɗaya ne: ranar da surukinsa zai dube shi ya ga mutum mai amfani a gidan.

Yana da wata ɗabi'a da Wasila ta tsana. In ya sami caji a waya, sai ya zauna yana kallon mutanen wasu ƙasashe suna tashin ƙananan jirage masu saukar ungulu da na'urar hannu.

"Furfura a kai, kana kallon wasan yara," in ji ta.

"Wanga ba wasa ba ne. Injin ne."

Da dawa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki suka sauko kwarin. Mata da yara suna kwana da tashi a kan tsaro. An ja igiyoyi daga wannan kusurwar gona zuwa waccan, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ana girgizawa ana ihu har murya ta dushe. Yahuza ya tsaya ya kalla, sai dabara ta faɗo masa. Tsuntsun da ke gudun shaho, me zai yi in ya ga abu mai ruri yana bin sa a sama?

Ya sayar da jak ɗinsa na ɗaga mota da sauran sifanonin da ya rage da su daga zamanin tuƙi, ya hau mota zuwa Birnin Ƙonni. A shagon wani Fa'izu mai sayar da rediyo da fitilu ya sami jirage iri biyu. Ɗaya babba, da fukafukai na canji a cikin kwali. Ɗaya ƙarami, bai fi tantabara ba.

"Alhaji, in waje za ka tashe shi, babban nan za ka ɗauka," in ji Fa'izu. "Shi ka jure iska, kuma yana jin magana daga nesa."

Kuɗin babban ya fi ƙarfin jak da sifana. Yahuza ya juya kwalin ƙaramin, ya kai shi kusa da idonsa mai gani, ya karanta a hankali: *Pour l'intérieur*. Ya yi murmushi.

"Kai yaro, ka iya Faransanci?"

"A'a, ni a Sakkwato na yi boko."

"To ga shi an rubuta. Na anteriyar ne. Mu mutanen ƙauye aka yi wa shi. Babban naka ka ajiye wa 'yan Yamai."

Fa'izu ya ɗaga kafaɗa. Suka gwada a cikin shago, jirgin ya tashi har kusa da rufi, ya juya, ya sauka a kan buhun gawayi. Yahuza ya biya, ya ƙara da pil, wato batir, na na'urar hannu, ya fito yana jin ya tsere wa cuta.

A gida ya rufe ƙofa ya yi ta koyo a ɗaki. Ya fasa wa Wasila kofi, ya yanki labule, amma hannun tsohon direba ne, ba da daɗewa ba ya iya sauke shi a kan murfin tulu. Wasila kanta ta daina tsaki. Ita ya aika ta gaya wa mahaifinta cewa ranar Lahadi mata su huta, shi zai kori tsuntsu.

Da sassafe ya je gonar ya kwance igiyoyin gwangwanaye duka, ya naɗe su a gindin gawo, don kada jirgin ya sarƙe. Kafin hantsi rabin gari ya taru. Malam Hamani ya zo da buzunsa ya zauna a inuwa. Abdulwahab malamin lakwal, wanda ake ce wa Mushe irin na Faransanci, ya zo. Mato, taubashin Wasila, wanda bai taɓa barin Yahuza ya sha iska ba, shi ne a gaba.

"Direba, ina za mu zauna? Ni kusa da taga nika so."

"Ka dai riƙe hularka," in ji Yahuza.

Garken jan-baki ya taso daga gabas kamar hayaƙi. Yahuza ya ajiye jirgin a inuwar gawo ya danna. Jirgin ya tashi. Mata suka yi guɗa. Yana fita daga inuwa ya shiga rana, sai ya daina jin magana. Yahuza ya ja hagu, bai zo ba. Ya ja dama, bai zo ba. Iska ta ɗauke shi kamar leda, ta kai shi tsakiyar gona, ta yar. Tsuntsayen ko juyawa ba su yi ba. Suka sauka a kan zangarniyoyi, kuma babu igiya ko ɗaya da za a girgiza.

Mata suka ruga suna kaɗa mayafai suna buga kwanoni. Yahuza ya tsaya da na'ura a hannu yana ta dannawa.

Mushe Abdulwahab ya ɗauki kwalin daga ƙasa ya duba. Da ya ja Yahuza gefe, da an rufa asiri, amma malamin lakwal ne, ya saba magana a ji a bayan aji.

"Malam Yahuza, ai na cikin ɗaki ne. Anteriyar ɗin nan cikin gida ake nufi. Da haske yake magana da na'urar, irin ta talabijin, rana kuwa tana shanye hasken."

"Anteriyar ƙauye ne," in ji Yahuza. Muryarsa ta fito ƙarama.

"A bakin 'yan Yamai. A jikin kwali, ɗaki ne."

Mato ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. "Wayyo! Jirgin ma ɗan kulle ne! Wasila, a saya mai lulluɓi!"

Aka yi dariya, har waɗanda ba su so yi ba. Malam Hamani bai yi ba. Ya tashi, ya kakkaɓe buzunsa, ya dubi ɓangaren gonar da tsuntsu ya fi zama, ya ce da kowa da kowa, "A maida igiyoyin." Bai dubi Yahuza ba, kuma ba don fushi ba. Kunyarsa yake taya shi ji.

Yahuza ya maida igiyoyin shi kaɗai, bai yarda kowa ya taɓa ba. Daga ranar har aka yanke dawa, shi ke fara zuwa gonar, shi ke barin ta a ƙarshe, yana ihu cikin mata har muryarsa ta tafi. Jirgin kuwa bai neme shi ba. Masu girbi suka tsince shi da karyayyen fiffike, Wasila ta jefa shi ƙarƙashin gado.

Kusurwar gabas ta ba da kusan ƙaiƙayi zalla a wannan shekarar. Duk da haka, da aka raba, dammunan da Malam Hamani ya aiko ɗakin 'yarsa ba su ragu da ko ɗaya ba. Yahuza ya tsaya a kansu ya ce a mayar da rabi.

"Ni ba ni maida wa ubana kyautarsa," in ji Wasila. "In kana da ƙarfin hali, ɗauka ka kai."

Bai ɗauka ba. Tuwon ma ya riƙa tura shi gefe. Da rani ya shigo, ya ji ana neman mai gadin rumbunan albasa a Galmi. Aikin zama ne, ido ɗaya ya isa. Ya ɗaure kayansa, ya je ƙofar zauren surukinsa, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, zan tafi Galmi. Na sami gadi."

Tsohon ya dakata da jan carbi.

"Wa ya kore ka?"

"Babu kowa, Baba."

"To mi ya yi zafi? Dawa ce. Baɗi wata za ta fito."

Yahuza ya dubi ƙasa.  Malam Hamani ya yi masa addu'ar hanya, ya shafa. Yahuza yana can Galmi har yanzu. Yakan zo ganin Wasila ranar kasuwa, kuma ta bayan gari yake shigowa.