Sa Hannun Bappa Mai Fenti

Kusan duk wanda ya taɓa buɗe shago a Fadaman Mada ya san Bappa mai fenti. Shi ke rubuta allunan shaguna tun yana saurayi, na teloli da na masu aski da na masu chajin waya. Ba ya barin allo da rubutu kawai. Sai ya ƙara zabuwa a gefe, ko reshen tsamiya, ko wasu tsuntsaye masu dogon wuya da shi kansa bai taɓa gani ba. In an tambaye shi inda ya samo su, sai ya ce suna zuwa masa ne in ya kishingiɗa bayan azahar.

A ƙasan kowane allo yakan sa hannunsa, wani lanƙwasasshen rubutu mai jela kamar ta ƙadangare. Ya fi alfahari da wannan jelar a kan komai. Da shekaru suka ja, hannunsa ya fara rawa, kuma masu shaguna suka koma wurin masu buga allon talla da kwamfuta. Bappa ya rage fita. Yakan zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa yana kallon duwatsun da suka kewaye gari, yana zane a iska da yatsa.

Wata ranar damina, Agatha mai shagon kayan miya da ke layinsu ta zo da waya a hannu tana haki. Shi ya zana mata allonta tun ɗanta Somto yana goye.

"Baba, ka zama babban mutum!" in ji ta. "Na sa hoton shagona a intanet don talla, wata mata a Ghana ta ga tsuntsunka. Sunanta Felicia, tana buga atamfa. Tana so ta sa zanenka a jikin zani."

"Maman Somto, tsuntsun da ruwan sama ya gama wankewa?"

"Shi fa. Ta ce ka zana mata wasu, ta turo yarjejeniya ka sa hannu."

Bappa ya ɗauka za a aiko da takarda a mota. Ya wanke hannu, ya nemo tsohon alƙalaminsa. Amma da 'yarsa Yasmin, wadda ta karanta shari'a, ta zo da yamma, sai ta miƙa masa waya kawai. Ta karanta masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya da Hausa: zanen nasa ne har abada, Felicia aron bugawa kawai za ta yi, kuma sunansa zai fito a bakin kowace atamfa. Sannan ta nuna masa wani farin fili a gilashin.

"Nan za ka sa, Baba. Da yatsa."

Ya gwada. Yatsan ya zame, abin da ya fito kamar sawun tsutsa a laka. Ya mayar mata da wayar.

"Wannan ba ni ba ne. In rigima ta tashi, wane alƙali ne a Ghana zai kalli wannan ya ce Bappa ne?"

Yasmin ta zauna a gefen tabarmarsa. Ta ce dokar ƙasarmu ta yarda da sa hannu irin wannan, ta can ma haka, domin ƙasashe da yawa sun tsara nasu dokokin ne a kan wani samfuri da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar saboda masu ciniki daga nesa.

"Ba kyawun rubutun suke dubawa ba," ta ce. "Abin da ake so a tabbatar shi ne kai ne ka yi, kuma da yardarka. Za su turo lamba a wayarka, kai kaɗai za ka gan ta. Ita ce shaidarka."

Bappa ya ce ta bar shi zuwa gobe.

Washegari bayan azahar ya kishingiɗa kamar kullum. Tsakanin barci da ido biyu ya ga sunansa ya tashi daga wayar, siriri kamar zare, ya haye rufin gidajen Tirwun, ya bi ta kan gonakin dawa na Miri, ya yi yamma. Ya ga sunan yana ratsa garuruwan da bai san sunansu ba, masu gadin iyaka suna ɗaga kai suna barinsa ya wuce. Can ya sauka a bakin wani ruwa da ba a ganin ƙarshensa, wata mata ta tara tafin hannu ta karɓe shi. Da ya farka, yayyafi ne ke sauka a ƙafarsa.

Ya aika aka kira Yasmin. Ya yi bismilla, ya ja yatsa a hankali, jelar ta fito a karkace. Wayarsa ta yi ƙara, ya karanto lambar da bakinsa. Kafin ya gama gyara hula, amsar Felicia ta shigo, tana godiya.

"Har ya isa?" ya tambaya.

"Ya isa, Baba."

Ya daɗe yana kallon yatsansa.

Bayan kaka wani ƙunshi ya iso ta tashar mota. Matarsa Ni'ima ce ta kwance shi a tsakar gida: atamfa shuɗiya, tsuntsaye masu dogon wuya jere a kanta. Ta kai ɗinki, ta sa ta zuwa wani suna a unguwa. Mata suka yi ta shafawa suna tambaya a wane shago ta saya, ita kuwa ta ce daga waje aka kawo mata, ta ci gaba da cin wainarta.