Naomi Mai Karɓar Yara da Barci a Ido

Wani dare na ji ana kaɗa faranti a gidan Zakariyya mai adaidaita sahu, ba kiɗan biki ba, ba na tashin sahur ba. Da gari ya waye na tambaya. Ashe 'yarsa Nafisa ake hana barci, bisa umarnin Anti Naomi.

Naomi maƙwabciyarmu ce a Gyaɗi-Gyaɗi, mutuniyar kudancin Kaduna. Tun tana budurwa take sammakon zuwa aiki a asibiti, ɗakin da ake auna motsin ƙwaƙwalwa. Takan liƙa wa mutum wayoyi a fatar kai, kwamfuta ta riƙa jan layuka kamar kunyoyin gona, likita ya zo ya karanta. Ni har yau mamaki nake, wai a ga barcin mutum a rubuce.

Nafisa takan yi zuru a aji, a kira ta ba ta ji, can ta dawo kamar ba a yi ba. Ta sha bulala. Uban ya gaji, ya ce daga wannan zango ta bar makaranta. Naomi ta tare shi a bakin famfo.

"Baban Nafisa, kafin ka cire ta, kai ta likita ya turo mini ita. Mu ga abin da ke cikin kan nan."

Awon yana son yaro ya zo da barci a ido, dalilin farantin ke nan. Uwar yarinyar ta ce Naomi da hannunta ta tsefe kitson, ta liƙa wayoyin, ta yi ta shafa bayan Nafisa har barci ya ɗauke ta. Da aka gama ta wanke mata kai, ta mayar da kitson. Likita ya duba kwamfuta ya ce wata irin farfaɗiya ce da ba ta kayar da mutum, kuma tana jin magani. Nafisa tana makarantarta har yau.

Naomi, ke ce mai sanyin hannu, yaron da ya shigo da kuka a wurinki yake yin minshari. Ga shi za ki yi ritaya. Mun gode, Allah ya saka miki. Na baya su koyi haƙurinki, mu kuma iyaye mu riƙa tambaya kafin duka.

Ina ba da wannan labari a dakali, sai Murtala mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa.

"Baba, ni ma a aji uku aka cire ni saboda zuru. Ko irin wannan ne?"