Ni ne mai hura akuya

Aikina a mahautar zangon Sokode hura akuya ne. In an yanka, sai in tsaga fatar ƙafar baya, in kafa baki, in yi ta hurawa har akuyar ta kumbura kamar salka. Daga nan fata ta saki nama, a feɗe ba tare da wuƙa ta huda ta ba. Lokacin mulkin Jamusawa ne, suna kan tudu suna sa mutane dasa itatuwa a bakin hanya. Ni ban dasa ba, ina hura akuya.

Ran sallar layya mai kalangu ya yi wa kowane mahauci kirari. Da ya iso kaina sai ya ajiye makaɗi, ya cika kumatunsa da iska, ya zaro ido. Har sarkin fawa ya yi dariya. Da safe na bi fataken shanu zuwa arewa, na rantse bakina ba zai ƙara taɓa ƙafar akuya ba.

A Dapaong aka ba ni sanda aka ce in tsare garke. Rana ta farko wani bijimi ya kore ni har na hau kan ɗorawa. Na wuni a can. Matan ƙabilar Moba masu zuwa kasuwa suka riƙa gaishe ni daga ƙasa. Bayan haka aikina ya koma tsaron tukunya.

Ina nan wata biyu sai na ji wani wari da na sani. Tsohon majemin zangonmu ne, ya biyo ayarin goro. Shi ke sayen fatunmu yana jemewa. Ba mai zama kusa da shi, har da ni. In ya zo, matsawa nake yi.

Bai gaishe ni ba. Ya zaro fatar akuya daga buhu, ya ɗaga ta saitin fuskarsa. Idonsa ya leƙo ta wani rami.

"Kai, kumatu. Kana ganina?"

"Ina ganinka, Baba."

"To bai kamata ka gan ni ba."

Na tambaye shi wa ya hura. Ya ce mutum uku suka yi karɓa-karɓa, ɗaya ya suma a kan akuyar. Ya ce tun tafiyata bai samu fatar da za ta yi ko gidan laya ba, in aka ƙara wata guda haka zai rufe majema.

"Duk zangonmu huhu ɗaya ne, kuma ya zo yana gadin tukunya."

Na sunkuyar da kai, sai na ga takalmina. Jimarsa ce. Ya taka daga Sokode har nan, ya hau ɗorawa ya sauko, bai tsinke ba. Shekara da shekaru ban taɓa ce masa komai a kai ba.

Na ce, "Baba, takalmin nan bai tsinke ba."

Ya ce, "Na sani. Tashi mu je."

Da muka koma, mai kalangu ya sake cika kumatu. Na cika nawa, suka ninka nasa, ya haƙura. Na gaya wa sarkin fawa zan hura, amma majemi zai riƙa zama a inuwar rumfa tare da mu. Ya toshe hanci ya yarda.

Ran nan ƙwarya ɗaya muka ci tuwo da tsohon. Warin bai ragu ba ko kaɗan. Ni dai ban matsa ba.